Kun Ce Ya Zo da Ubansa

Zuwa ga Shugaban makarantar sakandaren jeka-ka-dawo da ɗana yake aji huɗu, a nan Talata Mafara.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi maka barka da aiki. Ya iyali, ya fama da jama'a, ya kuma zafin bazarar nan? Allah ya ba ka ladan riƙon 'ya'yan mutane, kai da malaman da ke ƙarƙashinka.

Ba ka san ni ba, ni ma ban taɓa ganin fuskarka ba. Na zo makarantarka don in gan ka, iyakata ɗakin malamai aka juyo da ni. Shi ya sa na rubuto a fili. Ba zan faɗi sunan makarantar ba, don ban zo ɓata wa kowa suna ba. Idan ka karanta za ka gane da kai nake.

Ni 'yar Bakura ce. Mahaifina malami ne, Allah ya jiƙansa, ya bar ni na yi boko har aji uku na sakandare kafin aure ya kai ni wani ƙauye a gefen Gidan Goga. Yanzu man gyaɗa da ƙuliƙuli nake yi a cikin gida, da su nake riƙe da yara uku, namiji babba da mata biyu ƙanana. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, an dakatar da babban saboda fashin zuwa makaranta, aka ce kada ya dawo sai da ubansa. Ubansa yana daji a hannun 'yan bindiga tun daminar bara, ko kuma yana ƙarƙashin ƙasa, Allah kaɗai ya sani. Idan kuma Talatar nan mai zuwa ta riski yaron a gida, danginsa za su tafi da shi ƙauye ya noma gonar da aka ɗauke uban a cikinta. Tsoro nake ji, ranka ya daɗe, tsoro mai hana cin abinci. Ka yi haƙuri ka bi ni daki-daki.

Na farko, yadda gidanmu ya rasa namiji.

Da abubuwa suka fara lalacewa a can, baban yaran ya kwaso mu ya kawo Mafara, ya kama mana haya a bayan kasuwa. Shi bai yi boko ba, amma ya ɗora ransa a kan karatun yaron nan. Idan ya zo yakan sa a buɗe masa littafi ya yi ta kallon jan biron malami yana gyaɗa kai, alhali bai san ko yabo aka rubuta ko faɗa ba. Kowace damina yakan koma ƙauye ya yi noma, ya riƙa leƙo mu ranar kasuwa da ɗan gero a bayan babur. Bara, lokacin maimai, 'yan bindiga suka zagaye su a gona da hantsi, shi da wasu maƙwabtansa. An yi ta kira a waya, dangi suka haɗa abin da aka nema aka kai. Daga nan wayar ta daina shiga. Ba a sako shi ba, ba a kuma ce ga gawa ba.

Ni yanzu ban yi takaba ba, ban zama bazawara ba, ba ni kuma da miji a ɗaka. Malamai sun ce in jira, ina jira. An ce mini makarantarku tana sassauta wa marayu. To da wane baki zan kira shi maraya? Rigar ubansa tana nan rataye a ƙusa inda ya bar ta, ba zan iya ce wa mai ita marigayi ba.

Na biyu, inda yaron yake zuwa ranakun da ba ku gan shi ba.

Ba na musun ya yi fashi. Ya yi, har ya fi yadda kuke zato, don akwai ranar da ya amsa suna da safe sannan ya sulale. Amma ba gidan kallon ƙwallo yake zuwa ba, ba kuma tasha yake zama ba.

Lokaci zuwa lokaci labari yakan zo cewa an sako wasu mutane ta wajen Maradun ko Janbako, ko kuma an tsinto gawarwakin wasu a daji an kawo su gari. Duk gidan da ke da mutum a hannu sai ya tura wanda zai duba. Karon farko ni na je da kaina, da goyo a bayana. Maza suka tare ni a ƙofa, suka ce mace ba ta shiga inda aka shimfiɗe su, in koma in turo namiji. Wan mijina yana ƙauye, can kuwa waya sai an hau tudu, hanyar ma ba kullum take biyuwa ba. Kafin labari ya kai masa an gama komai, domin waɗanda aka tsinto ba sa jiran Asabar ko Lahadi. Kafin la'asar an yi musu sutura an kai su, wanda aka gane da wanda ba a gane ba. Namijin da ya rage mini shi ne ɗalibinku.

Sai ya cire rigar makaranta ya sa ta gida, ya hau mota. Ni kuma in zauna a gaban tukunyar ƙuli, duk babur da ya tsaya a ƙofar gida sai gabana ya faɗi, don hanyar da yake bi ita ma ba ta da tabbas. Idan ya dawo ba ya shiga ɗaki. Yakan wanke hannu da ƙafa ya zauna a bakin rijiya, can sai ya ce, “Inna, ba shi ciki.” Har yau ban san abin da ya kamata in ce ba, hamdala ko innalillahi. Sai in zuba tuwo in ce wa ƙanwarsa ta kai wa yayanta. Yawanci haka ake ɗauke kwanon a rufe.

Rannan, ban tambaye shi ba, ya ce mini shi yanzu ba fuska yake fara dubawa ba, don fuska takan canja. Ƙafa yake dubawa. Ubansa yana da tabon gatari a ƙaurin hagu. Ranka ya daɗe, yaron da bai fara aske gemu ba ke nan, washegari kuma ana so ya zauna a aji ya yi lissafi. Yana zuwa ya zauna ɗin, kuma malamin lissafinsa shaida ne ba ya cikin na baya.

Za ka ce me ya hana mu haƙura. Cikin waɗanda aka sako da sanyin bana, wani dattijo ya ce masa ya ga mutum mai irin wannan tabon, da ransa, yana ɗebo musu ruwa. Wanda aka gaya wa haka ba ya iya zama idan an ce an kawo mutane.

Za ka kuma ce me ya hana mu sanar da makaranta tun farko. Kai ma ɗan ƙasar nan ne. Ka san gidan da ke da mutum a daji ba ya yawan magana, don ba ka san kunnen da zai kai labari can ba, kuma 'yan bindigar sun ja mana kunne a waya. Shi ya sa ranar da malamin horo ya fito da shi gaban asambuli ya tambaye shi inda yake zuwa, ya yi shiru. Aka yi masa bulala, ya yi shiru. Aka ɗauki shirun a matsayin taurin kai, aka ce ya tafi sai ya zo da ubansa.

Na uku, zuwana makaranta.

Washegari na sa hijabi na taho. A ƙofa mai gadi ya tambaye ni sunan yaron. Nan na tsaya kamar an dasa ni. Ɗan fari ne. Tun ranar da aka raɗa masa suna ban taɓa kama shi da bakina ba, haka na ga uwata ta yi da yayanmu, haka kakata ta yi. “Yaron nan” nake cewa, ko “kai”. Mai gadi ya ce to sunan ubansa fa? Wannan kuma ya fi na farko nauyi. Dattijon kirki ne, ya yi dariya ya ce, “Na gane, ɗan fari na. Allah shi kyauta, ku mata da kunyarku.” Ya kira wata yarinya 'yar unguwarmu ta faɗa masa, ya bar ni na shiga.

A ɗakin malamai ban sami wannan sauƙin ba. Ɗakin cike yake, maza sun fi yawa, ga ɗalibai durƙushe a gefe suna jiran hukunci. Malamin horo yana rubutu, bai ɗago ba ya tambaye ni suna. Na ce ɗan aji huɗu da aka kora jiya. Ya ce waɗanda aka kora jiya suna da yawa. Na nemi yarinyar nan da ido, ta riga ta koma aji. Sai ya ajiye biro ya ce, “Hajiya, in ba ki iya hwaɗin sunan ɗanki, mi ya kawo ki? Koma ki turo muna ubanai.” Na ce ba ya nan. Ya ce tafiya ya yi? Na dubi mutanen da ke ɗakin, ban san ko ɗaya ba, na sunkuyar da kai. Ya ce, “To a turo wanai ko ƙaninai. Namiji muka so. Ku mata in kun zo kuka kawai kuka yi muna, gobe yaro shi koma halinai.”

Ban yi kuka ba. Na yi godiya na fito, sai da na kai bayan katangarku na zauna a kan wani dutse.

Ban riƙe malamin nan a zuciya ba, yaro ne, kuma doka ya tarar. Na san ba don mugunta kuka kafa ta ba. A ƙasar nan, idan yaro ya fita da kayan makaranta bai isa aji ba, dole hankalin malami ya tashi, kuma na gode da kuna lura. Amma ku duba abin da dokar ta haifar. Duk Mafara an san ɗalibanku suna zuwa tasha su ɗauko mai shayi ko ɗan acaba ya zo ya tsaya musu a matsayin uba. Ya sa babbar riga, ya zazzaro ido, har ya kai wa yaro mari a gabanku don abin ya yi kyau, a fita a sallame shi. An ce akwai wani mai faci da ya haifi rabin aji biyar ta wannan hanya. Shi kuna karɓarsa, ni da na yi naƙudar yaron an ce in koma.

Maƙwabciyata ta ba ni shawarar mu ma mu yi hakan, har ta ce mijinta zai je kyauta. Ban ɓoye maka ba, na so in yarda. Yaron ne ya ƙi. Ya ce, “Ubana bai mutu ba, ba ni kai wani shi tsaya wurinai.” Bai taɓa yi mini musu ba sai ranar, ban kuma iya tilasta masa ba.

Na huɗu, kuma shi ne ainihin abin da nake tsoro.

Malamin horo ya ce a turo wan uba. Yana da wan uba, Baffansa, wanda ke riƙe da gidansu a ƙauye. Da kiran waya ya yanke, dangi suka zauna a kan yaran. Baffa ya ce namijin ya dawo gida ya riƙe gonar ubansa, don ɗa na dangin uba ne, kuma gona ba ta zama haka nan. Ba ni da bakin magana a wurin, mahaifina ya rasu, ba ni da wani namiji a kusa da zai tsaya mini. Tsohuwa ce ta cece ni, kakar yaron ta wajen uba. Ta ce, “Ubanai karatu ya so mai. Muddin shina makaranta a bar shi wurin uwatai. Ran da ya bar makaranta, ku ɗauko abinku.” Kowa ya amsa a kan haka.

Ka ga ke nan, ranka ya daɗe, kujerar da ke ajinku ita kaɗai ce ta riƙe mini yaron nan a Mafara. Idan na kira Baffa ya zo ya tsaya masa, da bakina na gaya masa an kore shi. Ba zai roƙe ku ba. Zai yi muku godiya, ya kama hannun yaro su wuce tasha.

Ba mugu ba ne. Shi ya sayar da shanun nomansa lokacin da ake neman ƙaninsa, ga bakuna da yawa a gidansa, ga hannun aiki ya ƙare a ƙauyen. Amma na san gonar nan. Tana can ƙarshen gonaki, daga ita sai daji, idan gero ya yi tsawo ba ka ganin mai zuwa sai ya tsaya a kanka. Waɗanda ke zuwa daga can suna ba da labarin yadda ake tara samari a kai su yi wa mutanen daji noma kafin a bar su su taɓa nasu, wani ya dawo, wani shiru. Akwai kuma abin da ya fi wannan tsorata ni. Yaron da ya saba duba ƙafafun gawa yana neman ubansa, idan aka kai shi bakin dajin da aka ce an ga uban yana ɗebo ruwa, ba zai tsaya a kunya yana shuka ba. Na san abin da na haifa. Wata rana zai ajiye fartanya ya shiga.

Tun da aka dakatar da shi, kullum da safe sai in sa shi ya sa kayan makaranta ya ɗauki jaka ya fita, don kada maƙwabta su gane labari ya kai ƙauye. Yana zuwa wani masallaci a bayan gari ya zauna da littattafansa har a tashi. Ni da ke tsoron ya yi nisa da ni, ni ce nake tura shi ya ɓuya inda babu mai lura da shi. Wannan ma ba zai ɗore ba. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, an gama sharar gona, Baffa kuma ya aiko cewa zai shigo kasuwar Talatar nan sayen taki, zai biyo ya ga yara. Akwai ɗan ƙauyensu a aji biyar a makarantarku, kuma Baffa ba ya zuwa Mafara bai neme shi sun gaisa ba. Litinin ce kaɗai ta rage mini.

Na san takardar nan tana iya kaiwa kunnen Baffa, ko da wani ne zai karanta masa. Na yi kasada. Idan ta kai bayan yaro ya koma aji, maganar tsohuwa tana nan daram. Idan ta riga, to na kai kaina ƙara da hannuna.

Ba ni kaɗai ba ce. A layinmu akwai wadda mijinta ya rasu, akwai wadda aka saka aka bar mata yara, akwai irina masu jira. Akwai ma wani bawan Allah da matarsa ta rasu wurin haihuwa, 'yarsa ta aji biyu ita ke raino, ba ta isowa sai an rufe ƙofa. A irin gidajen nan babban ɗa shi ne mai zuwa asibiti, shi ne mai zuwa jana'iza, shi ne mai bin layi. Da na so in ce ka tambaya a asambuli wanda ubansa ba ya gida ya ɗaga hannu, amma kada ka yi, kunya za ka ba su, kuma ba za su ɗaga ba. Ka tambayi malaman aji a keɓe.

Saboda haka ga roƙona.

Ɗaya, a mayar da yaron aji ranar Litinin. Idan akwai sauran horo a kansa, a yi masa. Ya share fili, ya yanke ciyawa, ya ɗebo ruwa, ban hana ba, in dai a cikin katangarku ne.

Biyu, idan an ce yaro ya zo da mahaifi, a karɓi uwa. A ware malama mace da ɗan wuri mai ƙofa, inda mace za ta iya faɗin abin da ba ta iya faɗa a gaban ɗaki cike da maza.

Uku, a sami malami ɗaya mai riƙon sirri wanda yaron zai riƙa gaya wa idan labari ya zo zai tafi dubawa. Ba zan yi maka alkawarin zai daina zuwa ba, don ƙarya zan yi. Amma gara a ce wani babba ya san motar da ya hau.

Huɗu, don girman Allah kada a aika wa kowa a ƙauye.

Allah ya tsare ka, ya tsare iyalinka, ya tsare makarantarka da duk yaran da ke cikinta. Allah kada ya nuna wa 'ya'yanka ranar da za a ce su zo da kai su rasa inda za su same ka. Waɗanda ke hannu Allah ya kuɓutar da su, waɗanda suka riga mu ya jiƙansu, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Saura abu ɗaya. Malaminku ya ce idan ba zan iya faɗin sunan ɗana ba, me ya kawo ni. Na yi ta juya maganar, na ga ba za ka iya mayar da yaron da ba ka san ko wane ne ba. Uwata ba ta taɓa yi ba har ta koma ga Allah, ni ma na zaci haka zan mutu. Amma ga shi. Sunansa Lawali. Na san Lawali sun yi yawa a aji huɗu, nawa shi ne dogon nan mai zama kusa da taga, wanda kujerarsa take wofi.

Ranar Litinin da safe za mu tsaya a ƙofarku ni da shi. Idan mai gadi ya tambaye ni, da bakina zan faɗa, kowa ya ji. Ku buɗe masa.

Wassalam.

Taku cikin girmamawa,
Uwar Lawali,
Bayan kasuwa, Talata Mafara.